Tambayoyin Masu Karatu: Shin Bin Almasihu Yana Nufin Juya wa Iyali Baya?

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, kuma ko da yake masu aiko su ba su san juna ba, damuwa ɗaya ce ta haɗa su, wato yadda mai bi zai riƙe amanar Ubangijinsa ba tare da ya zubar da haƙƙin waɗanda Allah ya haɗa shi da su ta jini ko ta aure ba. Kamar yadda muka saba, mun ɓoye sunayen masu tambaya.

Tambaya ta farko

Baba Fasto, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni saurayi ne, kuma ni ne ɗan fari a wurin iyayena. Na daɗe ina jin kira a zuciyata in ba da kaina ga aikin bishara, kuma yanzu an ba ni gurbi a wata makarantar koyon Littafi Mai Tsarki mai nisa da gida, inda bayan karatu za a tura ni duk inda ake da buƙata. Sai dai mahaifina ya tsufa, ciwo ya kwantar da shi, kuma albashina ne yake riƙe da gidan, har da karatun ƙannena. Da na nuna shakka, wani abokina a ƙungiyar matasa ya karanta mini Luka 14:26, inda Yesu ya ce wanda bai ƙi ubansa da uwarsa ba, ba zai iya zama almajirinsa ba, ya ce jinkirin da nake yi shaida ce cewa na fifita mahaifina a kan Ubangiji. Tun daga ranar ban sami kwanciyar hankali ba. In na tafi ina ganin na ci amanar iyayena, in na zauna ina ganin na ƙi kiran Allah. Baba, me zan yi?

Ɗanka cikin Ubangiji.

Amsa

Ɗana, Allah ya ba mahaifinka sauƙi, ya kuma saka maka da alheri a kan ɗawainiyar da kake yi. Zan fara da ayar da abokinka ya karanta maka, don kada ka zaci ina neman hanyar kauce mata ne. Ayar tana nan, Yesu ne ya faɗe ta, kuma ya faɗe ta ne ga babban taron da yake biye da shi a hanya, mutanen da suka ɗauka bin sa abu ne mai sauƙi. Ya ambaci uba da uwa, da mata da 'ya'ya, da 'yan'uwa maza da mata, sannan ya ƙara da ran mutum na kansa, kuma wannan na ƙarshen ne masu jifan mutane da ayar suka fi tsallakewa. Wanda ya umarce mu mu ƙaunaci maƙwabtanmu kamar kanmu, har ma mu ƙaunaci maƙiyanmu, ba zai juyo ya ce mu yi gaba da uwar da ta haife mu ba. Matiyu 10:37 ya kawo wannan koyarwa ɗaya a fili, cewa wanda ya fi son ubansa ko uwarsa a kan Almasihu bai cancanci zama nasa ba. Haka kuma a Farawa 29:30-31 an ce Yakubu ya fi son Rahila a kan Lai'atu, ayar da ke biye kuma ta kira halin da Lai'atu take ciki ƙiyayya, alhali tana gidansa, har ta haifa masa 'ya'ya maza shida. Magana ce ta wanda za a ba fifiko idan biyun suka yi karo.

To, a ina ne suke yin karo? Ka karanta Matiyu sura 10 tun daga farkonta, za ka ga Yesu yana shirya almajiransa ne don lokacin tsanani. Ya ce za a kai su gaban majalisu, za a yi musu bulala, ɗan'uwa zai ba da ɗan'uwansa a kashe shi, uba kuma ya ba da ɗansa. A cikin wannan jawabi ne maganar fifita uba ko uwa ta zo, wato lokacin da iyali suka ce wa mutum ya zaɓa tsakaninsu da Almasihu. Yanzu ka duba halin da kake ciki. Mahaifinka bai ce ka yi musun Ubangiji ba, bai hana ka sujada ba, bai sa ka aikata zunubi ba. Daga abin da ka rubuta, bai ma nemi komai a wurinka ba, yana kwance ne kawai ba shi da lafiya. Abin da yake gabanka ba zaɓi ba ne tsakanin Almasihu da mahaifinka, zaɓi ne tsakanin hanyoyi biyu na yi wa Almasihu hidima, kuma ɗaya daga cikinsu tana da umarni rubutacce a bayanta.

Umarnin shi ne na Fitowa 20:12, ka girmama mahaifinka da mahaifiyarka, kuma Yesu da kansa ya nuna cewa girmamawar ta haɗa da ɗaukar nauyinsu. A Markus 7:9-13 ya tsawata wa Farisiyawa da malaman Attaura saboda wata al'ada da suka ƙirƙiro, wadda ta ba mutum damar ya ce wa iyayensa abin da ya kamata ya taimake su da shi ya zama Korban, wato keɓaɓɓe ga Allah, daga nan kuma ba a barinsa ya ƙara yi musu komai. A idon jama'a wannan ibada ce babba, domin mutumin ya fifita Allah a kan iyayensa, amma Yesu ya ce sun soke maganar Allah ne da al'adarsu. Ina roƙonka ka yi tunani sosai a kan wannan nassi, domin ba kuɗi kaɗai ake iya mayarwa Korban ba. Mutum yana iya mayar da lokacinsa da ƙarfinsa da ƙuruciyarsa Korban, ya ce ya ba Allah, alhali akwai tsoho a ɗaki wanda Allah ya riga ya ɗora masa haƙƙinsa. Manzo Bulus, wanda ba wanda zai zarge shi da sanyin jiki a aikin bishara, ya rubuta a 1 Timoti 5:4 cewa 'ya'ya da jikoki su fara koyon nuna ibadarsu a cikin gidansu ta wurin sāka wa iyayensu, a aya ta 8 kuma ya ce wanda bai kula da danginsa ba, musamman mutanen gidansa, ya yi musun bangaskiya, ya kuma fi marar bi muni. Babu wata magana mai zafi irin wannan da aka yi a kan wanda ya jinkirta shiga makarantar Littafi Mai Tsarki.

Ka kuma dubi rayuwar Ubangiji kansa. Luka 2:51 ya ce ya koma Nazarat tare da Yusufu da Maryamu yana yi musu biyayya, kuma sai da ya kai wajen shekara 30 kafin ya fara hidimarsa a fili, har mutanen garinsu suka san shi da sana'ar sassaƙa. A kan gicciye, cikin azabar da ba ta misaltuwa, yana ɗauke da zunubin duniya, bai manta cewa mahaifiyarsa tana buƙatar wanda zai riƙe ta ba, ya danƙa ta a hannun almajirin da yake ƙauna, shi kuwa ya ɗauke ta zuwa gidansa tun daga wannan sa'a, kamar yadda Yahaya 19:26-27 ya ba da labari.

Na san abokinka yana da wasu ayoyin da zai kawo, kuma gara in kawo maka su da kaina. Akwai mutumin Luka 9:59-60 da ya roƙi a bar shi ya je ya binne mahaifinsa tukuna, Yesu ya ce masa ya bar matattu su binne matattunsu. Akwai Yakubu da Yahaya da suka bar mahaifinsu Zabadi a cikin jirgi suka bi shi. Waɗannan gaskiya ne, kuma suna koya mana cewa Almasihu yana da ikon ya kira mutum ya bar gida nan take, ba tare da neman izinin kowa ba. Amma Markus 1:20 ya ƙara da cewa sun bar Zabadi ne tare da ma'aikatan da ya ɗauka, wato sana'ar gidan ba ta tsaya ba, tsohon kuma bai kwana da yunwa ba. Bitrus da ya ce sun bar kome sun bi shi, yana da gida a Kafarnahum, a can ne Yesu ya warkar da surukarsa daga zazzaɓi, kuma 1 Korintiyawa 9:5 ta nuna daga baya yana tafiye-tafiyen hidima tare da matarsa. Sannan akwai mutumin da aka fitar wa aljanu a ƙasar Garasinawa, wanda ya roƙi Yesu ya bar shi ya bi shi, amma Yesu ya ƙi, ya ce masa ya koma gida wurin mutanensa ya faɗa musu abin da Ubangiji ya yi masa (Markus 5:18-19). Ubangiji ɗaya ne ya ce wa wani ya bar gida, ya ce wa wani ya koma gida, kuma dukansu biyu almajirai ne.

Bambancin da ke tsakaninka da waɗancan mutane shi ne su sun ji muryar Yesu da kunnensu yana tsaye a gabansu, kai kuwa abin da kake da shi nauyi ne a zuciya. Ban raina wannan nauyi ba, domin ta haka Allah yake kiran bayinsa da yawa, amma abin da mutum yake ji a zuciya yana buƙatar a gwada shi da Maganar Allah da kuma shawarar ikilisiya. Ko Barnaba da Shawulu (wato Bulus) ba su tashi da kansu suka tafi ba, ikilisiyar Antakiya ce ta yi azumi da addu'a ta ɗora musu hannu ta sallame su, kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni 13:1-3.

Wannan ruɗani ba sabo ba ne a tarihin ikilisiya. A ƙarni na 4 wasu masu tsananin gudun duniya sun riƙa koya wa mutane su rabu da iyalansu da sunan tsarki, har shugabannin ikilisiya suka yi taro a Gangra, wani gari da yake cikin ƙasar Turkiyya ta yau. A cikin dokokin da suka zartar, ta 15 ta la'anci wanda ya yi watsi da 'ya'yansa bai rene su ba da sunan gudun duniya, ta 16 kuma ta la'anci 'ya'yan da suka yashe iyayensu da sunan ibada.

Ga ra'ayina a fili: kada ka tafi yanzu. Ka rubuta wa makarantar ka bayyana musu halin da gidanku yake ciki, ka roƙi a ajiye maka gurbin zuwa wani lokaci, ka kuma tambaya ko suna da tsarin karatu daga gida. Makarantar da take koyar da Littafi Mai Tsarki da gaske za ta fahimce ka. Ka zauna da mahaifinka da mahaifiyarka ka faɗa musu abin da yake zuciyarka, domin sau da yawa iyaye sukan ba mu mamaki, kuma albarkar da za su sa maka ta fi tafiyar da za ka yi suna kuka. Ka je wurin fastonka da dattawan ikilisiya su gwada kiran nan, su ba ka aiki a inda kake, ko koyar da yara ne, ko ziyarar marasa lafiya, ko wa'azi a unguwa. Wanda bai yi wa'azi a inda yake ba, da wuya takardar shaida ta mai da shi mai wa'azi.

Amma akwai gargaɗi guda da zan yi maka ta ɗaya gefen. Ka tsayar da lokacin da za ku sake duba maganar tare da dattawa, misali idan wani daga cikin ƙannenka ya gama karatu ya fara samu, don kada ciwon mahaifinka ya zama maka maɓoya bayan dalilin ya wuce. Da a ce iyayenka suna da lafiya da abin hannunsu, kuma abin da ya sa suka ƙi tafiyarka shi ne suna ganin aikin bishara ba ya kawo kuɗi ko suna, da amsata ta bambanta. Girmama iyaye wajibi ne har mutuwa, amma biyayyar da Afisawa 6:1 ta yi umarni da ita biyayya ce cikin Ubangiji, kuma baligi yana iya saɓa wa ra'ayin iyayensa cikin ladabi idan ya tabbata Allah ne yake kiransa. Game da abokinka kuwa, kada ka riƙe shi a zuciya, himma ce ta yi masa yawa, sai dai ka tuna ba shi ne zai sayi maganin mahaifinka ba idan ka tafi.

Tambaya ta biyu

Baba Fasto, ina gaisuwa. Mijina dattijo ne a ikilisiyarmu, mutumin kirki ne, ba ya shaye-shaye, ba ya neman mata. Amma kusan kowace yamma yana coci, yau taron kwamiti, gobe addu'ar dare, jibi ziyara. 'Ya'yanmu suna barci kafin ya dawo, babban cikinsu ya fara taurin kai, kuma akwai lokacin da ya yi alkawarin ba da gudummawa mai yawa don ginin coci alhali ba mu biya kuɗin makarantar yara ba. In na yi magana sai ya ce mu fara neman Mulkin Allah, sauran za a ƙara mana, har yakan ce ina neman zama masa sanadin tuntuɓe. Shin zunubi nake yi da nake son mijina ya zauna a gida?

'Yarka.

Amsa

'Yata, ba zunubi kike yi ba. Kuskuren da mijinki ya faɗa ciki kuskure ne da ya fi kama mutanen kirki, wato ɗaukar aikin ikilisiya a matsayin Allah kansa. Allah ne na farko, wannan babu gardama, amma taron kwamiti ba Allah ba ne, kuma Matiyu 6:33 da yake karanta miki magana ce a kan barin damuwa game da ci da sha da sutura, ba izini ba ne ga magidanci ya bar haƙƙin da yake wuyansa.

Muƙamin da yake riƙe da shi ma sharaɗinsa yana gida. A 1 Timoti 3:4-5 an ce shugaban ikilisiya ya zama mai iya sarrafa gidansa da kyau, 'ya'yansa suna yi masa biyayya, sannan aka yi tambaya cewa wanda bai san yadda zai sarrafa gidansa ba, ta yaya zai kula da ikilisiyar Allah. Ke nan gida ne wurin da ake gwada dattijo. Bulus, wanda shi kansa ba shi da aure, ya faɗa a 1 Korintiyawa 7:32-34 cewa mai aure hankalinsa a rabe yake, domin yana tunanin yadda zai faranta wa matarsa rai, kuma bai kira wannan zunubi ba, ya nuna ne cewa haka aure yake. Wanda yake son ya yi hidima kamar marar aure, da sai ya zauna bai yi auren ba, amma tun da ya tsaya a gaban Allah da shaidu ya ɗauki alkawari, ba shi da ikon ya yi zaman gwauro da sunan ibada. Afisawa 5:25 ta ce ya ƙaunace ki kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya, 6:4 kuma ta ɗora renon 'ya'ya cikin horon Ubangiji a kan ubanni, da sunansu aka kira su.

Taurin kan babban ɗanku shi ne abin da ya fi damuna a wasiƙarki. Eli firist ne da ya yi shekara 40 yana shugabancin Isra'ila, amma hukunci ya sauko wa gidansa domin 'ya'yansa sun lalace bai kwaɓe su ba (1 Sama'ila 3:13). Sama'ila kansa, wanda yake zagaya garuruwa kowace shekara yana yi wa jama'a shari'a, 'ya'yansa sun zama masu cin hanci, kuma wannan yana cikin dalilan da dattawan Isra'ila suka kawo sa'ad da suka nemi a naɗa musu sarki. A tarihin baya-bayan nan ma akwai abin dubawa. William Carey, wanda ya bar Ingila zuwa Indiya a 1793, ya yi aikin da har yau ake cin moriyarsa, ciki har da fassara Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Bengali. Amma matarsa Dorothy da farko ta ƙi tafiyar, daga baya ta yarda, ɗansu Peter ya rasu a can a 1794 yana da shekara 5, ita kuma ta sami taɓin hankali wanda ba ta warke ba har rasuwarta a 1807. Ba na kawo wannan don in rage darajar Carey, kuma ba ni da ikon in yanke masa hukunci, amma bai kamata mu riƙa ba da labarin manyan bayin Allah muna ɓoye abin da iyalansu suka biya ba, domin ɓoyewar ce take sa matasan ma'aikata su ɗauka hawayen mata da 'ya'ya wani ɓangare ne na tsarki.

Maganar gudummawar gini kuwa a taƙaice take. A 2 Korintiyawa 8:12-13 an ce baiko abin karɓa ne gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba, kuma ba a nufin wasu su huta wasu su shiga ƙunci. Kuɗin makarantar yara bashi ne a kansa, kuma ba a yin kyauta da abin da yake na wani.

Abin da nake ba ki shawara shi ne ki nemi lokacin da hankalinsa yake kwance, ba sa'ad da ya shigo da dare a gajiye ba, kuma kada ki sa maganar ta zama kamar kina kishi da Allah, domin in ya ji haka zai ƙara ƙanƙame matsayinsa yana ganin yana shan tsanani ne saboda bangaskiya. Ki fara da yaba amincinsa, sannan ki roƙi abubuwa ƙayyadaddu: yammaci nawa ne a mako za su zama na gida, wace rana ce zai zauna da babban ɗanku su biyu, da kuma yarjejeniya cewa ba za a yi alkawarin kuɗi ba sai kun yi shawara. Ki roƙe shi ya riƙa jagorantar addu'ar iyali, domin mutum irinsa zai fi saurin karɓar gida idan ya gane shi ma filin hidima ne. In ya ƙi saurara, ki bi matakin Matiyu 18:16, ki nemi fasto ko wani dattijo da yake jin nauyinsa, tare da matarsa, ku zauna. Wannan ba tonon asiri ba ne. Ina kuma kira ga ikilisiyoyi su ji tsoron Allah a kan wannan, domin mun saba mu ɗora kome a kan mutum biyu ko uku da ba sa iya cewa a'a. Shawarar da Yetro ya ba surukinsa Musa a Fitowa 18, cewa ya rarraba aikin ga amintattun mutane don kada ya gaji ya gajiyar da jama'a, har yanzu tana aiki.

Tambaya ta uku

Baba, ni budurwa ce, na karɓi Almasihu, amma iyayena ba su yarda da bangaskiyata ba. Mahaifiyata tana kuka kullum, mahaifina kuma ya ce in bar wannan hanya ko ya cire ni daga cikin 'ya'yansa. Ina son su ƙwarai. Wasu 'yan'uwa a coci sun ce in manta da su, tun da yanzu ina da sabon iyali. Haka ne?

'Yarka cikin Almasihu.

Amsa

'Yata, halin da kike ciki shi ne ainihin wanda Yesu yake nufi a ayoyin da muka tattauna a sama, kuma ba zan ruɗe ki da cewa akwai hanya marar zafi ba. Idan aka ce ki yi musun Almasihu, amsar ita ce wadda Bitrus da manzanni suka ba majalisa a Ayyukan Manzanni 5:29, cewa wajibi ne a yi wa Allah biyayya fiye da mutane. A wannan abu guda ba ki da abin sassautawa.

Amma waɗanda suka ce ki manta da iyayenki sun ba ki shawara marar kyau, domin hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A shekara ta 203, a birnin Kartaj da yake cikin ƙasar Tunisiya ta yau, an kama wata matashiya mai bin Almasihu mai suna Perpetua, mai kimanin shekara 22, tana shayar da jariri. Mahaifinta, wanda ba mai bi ba ne, ya zo wurinta sau da dama yana roƙonta ta dubi furfurarsa, ta ji tausayin jaririnta, ta miƙa hadayar da hukuma ta nema don a sake ta. Ta ƙi, kuma an kashe ta a filin wasa tare da abokan bangaskiyarta. Abin da nake so ki lura da shi a labarinta shi ne, sa'ad da aka doki mahaifinta da sanda a gaban mai shari'a, ta ce ta ji zafin kamar ita aka doka, ta kuma yi baƙin ciki saboda tsufansa. Ta ƙi abin da ya roƙa, amma ba ta daina zama 'yarsa ba. Bulus ma ya ce a Romawa 9:2-3 yana da baƙin ciki mai yawa da ciwon zuciya marar yankewa saboda danginsa da ba su gaskata ba.

Saboda haka ki rage gardama, ki ƙara ladabi. Ki gaishe su kamar yadda kika saba har ma fiye, ki yi aikin gida, ki kula da su idan ba su da lafiya, ki halarci duk abin da ya shafi iyali muddin ba zai sa ki yi musun Ubangiji ba. In sun tambaye ki dalilin begenki, ki amsa da tawali'u da bangirma kamar yadda 1 Bitrus 3:15 ta koyar, kuma kada ki zagi abin da suka yi imani da shi. Ki fahimci cewa kukan mahaifiyarki na ƙauna ne da tsoro, tana ganin ta rasa ki ne, kuma halinki ne kaɗai zai nuna mata ba ta rasa ki ba. In za a yanke zumunci, kada ya zama daga wajenki. Romawa 12:18 ta ce in mai yiwuwa ne, iyakar abin da yake hannunki, ki yi zaman lafiya da kowa. Kada kuma ki yanke ƙauna. 'Yan'uwan Yesu ba su gaskata da shi ba a lokacin hidimarsa (Yahaya 7:5), danginsa sun taɓa fitowa su kama shi don ana cewa ya fita daga hankalinsa (Markus 3:21), amma bayan tashinsa daga matattu suna cikin masu addu'a tare da manzanni a Urushalima, ɗaya daga cikinsu kuma, Yakubu, ya zama jigo a ikilisiyar birnin. Ban yi miki alkawarin haka zai faru a gidanku ba, amma ya isa dalilin ci gaba da yi musu addu'a da sunayensu.

Gaskiya ne kina da sabon iyali, domin a Markus 10:29-30 Yesu ya yi alkawarin cewa wanda ya rasa gida ko 'yan'uwa ko iyaye saboda shi zai sami ninki ɗari tun a wannan zamani, tare da tsanani. Sai dai cikar wannan alkawari a hannun ikilisiya take, don haka 'yan'uwan da suka ce ki manta da iyayenki su fara tambayar kansu wane ne a cikinsu zai ba ki ɗaki, ya ɗauki nauyin karatunki, in har aka kore ki. Ki nemi wata dattijuwa mai hankali da riƙon asiri a ikilisiya ki faɗa mata kome tun yanzu. In kuma maganar ta wuce fushi ta kai ga duka, ko kulle, ko barazana ga ranki, kada ki zauna kina cewa haƙuri ne, domin Ubangiji da kansa ya ce a Matiyu 10:23 in an tsananta wa almajiransa a wani gari su gudu zuwa wani. Ki sanar da fasto da dattawa nan da nan su sama miki wurin da za ki zauna lafiya, daga can kuma ki ci gaba da aika wa iyayenki gaisuwa ta hannun wani dangi da kika amince da shi.